Malama Bokiti

Ihun ya fito ne daga layin hagu, wajen taga.

Kafin malamar kimiyya ta juyo da dukan jikinta, kamar yadda ta saba juyawa, ɗalibai sun watse daga teburin. Auta, 'yar shugaban makarantar, tana tsaye ta dafe fuska da hannu biyu. Gilashin kare idonta yana reto a wuya. Ruwan soda da suke ɗumamawa, irin sodar da ake yin sabulu da ita, ya tafasa ya yi tsalle daga kwalbar gwaji.

Ƙawarta ta zaro hankici za ta goge mata. Malama ta doke hannun.

"Kada wanda ya taɓa idon nan. Ku jawo bokiti."

Bokitan nan biyu su ne abin dariyar makarantar. Famfon ɗakin gwaji ya fi ba da iska a kan ruwa, don haka tun zuwanta ta kafa doka: ba a kunna wuta, ba a buɗe kwalba, sai an cika su an rufe da murfi. Yara suka laƙaba mata Malama Bokiti. Ko a ɗakin malamai akan tsokane ta, "Yau wanki za a yi ne ko kimiyya?" Sai ta gyara zaman tabaranta mai ɗan duhu, ta wuce.

Mai tsanani ce, kowa ya shaida. Sai dai yara sun lura da abu ɗaya: mai son hira ya zauna a layin hagu. Can ba ta cika kama kowa ba. Sukan ce 'yan gatanta ne.

Ta kwantar da Auta a kan benci, ta karkatar da kanta, ta buɗe fatar idon da yatsu biyu. Yarinyar tana shure-shure. Kofin farko ya kauce, ya zube a kunne. Malama ta ɗora ɗan yatsa a karan hancin yarinyar, ta jingina bakin kofin a kansa. Daga nan ba ta ƙara kuskure ba.

Bokiti na farko ya kusa rabi sa'ad da shugaban makarantar ya shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baba!" in ji Auta. "Baba, zafi!"

"Malama, sakar mini 'yata. Mota tana ƙofa."

"A tada motar, ranka ya daɗe. Amma sai ruwan nan ya ƙare."

Ya sunkuya zai ɗauke ta. Malama ta sa kafaɗa ta tare shi, hannunta bai daina zuba ruwa ba. Ba wanda ya taɓa ganin an tare shugaba.

"Ke likita ce? Me kika sani game da ido?"

Ta ciko wani kofin.

"Wallahi idan yarinyar nan ta makance, ke da koyarwa har abada."

"Na ji, ranka ya daɗe. Riƙe mini kanta."

Ya tsaya yana huci. Sai kuma ya durƙusa a cikin ruwan da ya malale, ya riƙe kan 'yarsa, yana kiran sunan Allah. Bokiti na biyu ya yi ƙasa a hankali, a hankali, har kofi ya fara karto gindinsa. Sannan ta janye hannu. Ya sunkuci yarinyar ya fita.

Malama ta sallami aji. Ta kashe wuta, ta share ruwan, ta wanke kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Aka tashi daga makaranta, ba ta tafi ba.

Da la'asar ya dawo, wandonsa bai gama bushewa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Likita ya ce idon zai tsira. Ya ce ruwan ne ya cece shi."

"Alhamdu lillahi."

"Na gode. Ba zan manta ba." Ya dube ta. "Amma yara sun ce tun farkon darasi Auta ta cire gilashin, wai yana ɓata mata kwalliya. Sun ce kin tsaya dab da ita, kafaɗarki tana gogar tata, kika wuce. Ke da kike korar yaro a kan murfin bokiti. Yaya aka yi?"

"Laifina ne, ranka ya daɗe."

"Ba laifi na tambaya ba, Malama. Dalili. Gobe kwamiti zai zauna, su ma abin da za su tambaya ke nan."

Dalilin tana da shi. Idan ta yi shiru, za a ce sakaci ne. Idan ta faɗa, ba za a ƙara barin ta ita kaɗai da yara da wuta ba. Kuma ta san duk wanda zai maye gurbinta, abu na farko da zai fitar daga ɗakin shi ne bokitai.

Da ƙarar motarsa ta yi nisa, sai ta rufe ƙofa. Ta tsiyaye ɗan ruwan da ya rage a cikin kofi, ta cire tabarau ta ajiye. Ta tuna nata mahaifin, lokacin da take ɗaliba, yadda ya ɗaure mata fuska da hankici, ya sunkuce ta daga wani ɗakin gwaji yana gudu yana kuka, ba wanda ya ce ya tsaya a zuba ruwa.

Sannan ta sa yatsa ta ciro idonta na hagu, na roba, ta jefa shi a cikin kofin.