Sarauniyar da Tela Ya Bari a Fili

Kai da kake hango tarko a cikin kowace kyauta, bari in ba ka labarin wani malamin lissafi a Zariya. Ɗan ƙungiyar masu darar Bature ne, wadda ake kira ces, kuma ba laifi, ya iya. Sai dai bara wani ya bar masa sarauniya a banza, ya yi wuf ya cinye, ashe ƙugiya ce. Taku uku aka kashe masa sarki. Tun daga ranar ya daina yarda da kowa a kan allon dara.

A wasan ƙarshe na gasar bana aka haɗa shi da wani tsohon tela. In malam ya ci, shi zai wakilci ƙungiya a Jos. In aka yi kunnen doki, wani zai tafi. Dokar gasa kuwa, abin da ka taɓa shi za ka matsar, kuma kowa da agogon da ke ƙidaya masa lokacinsa. Ana tsakiyar wasa tela ya ɗaga dokinsa, ya yi jim, ya ajiye shi can gefe, ya bar sarauniyarsa a fili ba mai tsaronta. Sannan ya ciro goro ya ɓantara, ya jingina da kujera yana tauna. Malam ya dubi sarauniya, ya dubi goro. Wa zai yi asarar sarauniya ya zauna cin goro? Ya bi kowane layi yana neman tarkon bai gani ba, rashin ganin ya ƙara tsorata shi. Sai da agogonsa ya ci minti ashirin, sannan ya ja sarkinsa kusurwa. Tela ya janye sarauniyarsa. Da lokaci ya ƙure wa malam aka yi masa tayin kunnen doki, ya karɓa, har yana ganin ya tsallake rijiya da baya.

Suna tattara kaya tela ya ce, "Malam, na gode, ka rufa min asiri. Dokin nan gyara masa zama na je yi, na manta doka. Goron ma don kada ka ga bakina yana rawa ne."

Ranar da motar Jos ta tashi, malam yana aji da alli a hannu. Ni dai ya ba ni tausayi, don ba tela ne ya hana shi tafiyar ba, mutumin bara ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.