Tamaular da Baffa Ya Wurga a Kanal

Shekarar da aka sako ruwa a sabon kanal na Kura, babu yaron da ke iya ƙwace tamaula a ƙafata. Da tsohon zanen Inna na ɗaure ta.

Wata la'asar Baffa, wan babana, ya dawo daga gonar alkama, ya tarar na ci ɗansa a wasan tamaula. Ya fizge tamaular ya wurga a kanal.

"Ke! Macen da ke ɗaga ƙafa haka ba ta haihuwa!"

Ina kallo ruwa ya tafi da zanen uwata.

To, na haifi tara. Yau jikata ke buga wa kulob ɗin mata, 'ya'yan Baffa sai baki har kunne, wai "Ai 'yarmu ce!"

'Yarku? Ku fara tsamo min tamaulata tukuna.