Ɗigon Ja a Gefen Hagu

Ɗigon ja ɗaya ne ya rage, can a gefen hagu, inda jijiyoyi suka bi ta ƙasan mafitsara. Injiniya ta sake danna maɓalli, ta zuba wa allon kwamfutar ido.

Aikinta ke nan a ɗakin bincike na asibitin. Kafin likita ya cire ciwon daji daga marar mutum, akan zura wata 'yar balan-balan ta dubura, ruwan sanyi yana zagayawa a cikinta, don naman wurin ya huce, kada jijiyoyi su kumbura su lalace. Ita ce ke gina ƙugun majiyyaci a kwamfuta daga hotunan da aka ɗauka, ta lissafa yadda sanyin zai ratsa tsoka da kitse, da yadda jini mai ɗumi zai riƙa korarsa. Duk inda ya huce sai ya koma shuɗi. Abokan aiki Mai Ƙanƙara suke ce mata don tsokana. Kwanan nan sun daina.

Wannan majiyyacin dattijo ne mai matsattsen ƙugu, da tabon tsohuwar karaya a ƙashin dama. Ta rage zafin ruwan, jan ya tsuke, ya sake buɗewa. Ta ƙara wa ruwan gudu, sai bangon hanji ya ɗauki sanyin da zai yi lahani. Ta koma farko. Shayinta ya huce a gefe, ta shanye ba ta ji ɗanɗanon komai ba.

Da hantsi likitan tiyata ya leƙo, hula a hannu.

"Injiniya, akwai mutanen da ke kwance suna jiran lissafinki."

"In na gama wannan, Likita."

Ya dubi allon, ya kau da kai. "Hutun da aka ba ki fa bai ƙare ba."

"Me zan yi a gida?"

Ya ja ƙofar a hankali.

Wayarta ta yi ta ruri a kan tebur. Autansu ne. Ta kife ta.

Bayan azahar dabara ta faɗo mata. Ta karkata balan-balan ɗin kaɗan zuwa hagu, ta sa a soma sanyin tun kafin wuƙa ta taɓa fata. Kwamfutar ta ɗauki gurnani. Shuɗin ya taso daga ƙasa, ya haye tsoka, ya isa bakin ɗigon, ya tsaya kamar mai neman izini. Sannan ya shanye shi.

Ta zauna tana jiran farin ciki ya zo. Bai zo ba. Yatsunta kawai ta ji sun yi sanyi.

A haka Auta ya same ta, makullin mota a hannu.

"Yaya, Mama ta ce in kin ƙi tasowa in saɓo ki a kafaɗa. Ni kuma kin san bayana ba ƙwari."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya masa allon.

"Zo ka gani. A karkata hagu, a soma da wuri. Zai tashi ya riƙe fitsarinsa da kansa, ba roba, ba ƙyalle. Kira min Likita, a sa rana."

Auta bai dubi allon ba. Ya durƙusa gaban kujerarta, ya zare hannunta daga kan maɓallan, ya riƙe shi cikin nasa.

"Yaya, zuciyarsa ce ta tsaya tun kafin a shiga da shi tiyatar. Ki bar Baba ya huta, tun watan jiya muka binne shi."