Kwalba ta Bakwai

Kwalaben ruwa tara Yaya ya jera wa ƙanwarsa a kan teburin ɗakin gwaji, kowace da lamba a jikinta, babu suna. Auta ce ta ce ya yi haka. A aikinsu, mai gwaji ba ya sanin inda aka ɗebo ruwan da ke gabansa sai ya gama, don kada zuciya ta riga na'ura ba da amsa. Ita kuwa tata zuciyar ta daɗe da yanke hukunci: kamfanin fentin da ke bayan gidansu ne ya lalata musu rijiya.

Kwanan Mama goma sha ɗaya a asibiti. Hannuwanta na rawa, ƙafafunta sun daina jin taɓawa, hantarta ta kumbura. Likita ya ce wani abu ne ya daɗe yana shiga jikinta kaɗan-kaɗan, kuma muddin ba a san ko mene ne ba, lalube kawai yake yi. Da ya ji aikin Auta, sai ya ce ta taimaka masa da suna ɗaya tak, sunan gubar, kafin hantar ta gaza.

Duk gidan babu wanda ya yi shakkar za ta samo. Ita ce ta yi shekara huɗu tana karatun kemistiri a jami'a, ta fito da sakamako mafi daraja a ajinsu. Hanyoyi uku suka buɗe mata a lokacin: koyarwa, kamfanin sabulu, da kamfanin maganin ƙwari. Na ƙarshen ta zaɓa, ta yi shekara guda, sannan ta koma gwajin ruwan sha. Mama ba ta taɓa iya furta sunan karatun daidai ba, amma hakan bai hana ta cika wa maƙwabta kunne ba. Ko gishiri ya yi yawa a miya, sai ta ce a bari Auta ta zo ta auna.

Tun da hantsi ta fara. Ta ɗauraye kowane bututu sau uku kamar yadda aka koya mata tun shekarar farko a jami'a, don a wurinta abin da aka ɗauraye sau uku ya tsarkaka, babu sauran magana. Kwalba ta ɗaya lafiya. Ta biyu lafiya. Da ta uku da ta huɗu suka fito tas, sai ta fara jin haushi, har ta zargi Yaya da ɗebo ruwa duk daga famfo ɗaya don ya huta.

Yaya mutum ne mai son jiki, amma wannan karon bai yi ha'inci ba. Rijiya ya ɗebo, da famfon bakin titi, da na masallaci, da tankin maƙwabta, da kwatar bayan kamfani, da wasu wurare uku, har da ruwan da Mama ke ajiyewa a ɗakinta, wanda ko jikoki ba ta bari su tsoma kofi. An sha yi mata tsiya a kan wannan rowar, ita kuwa ko a jikinta.

Ana kiran azahar kwalba ta bakwai ta yi magana. Layin da ke kan allon na'ura ya miƙe sama, Auta ta miƙe tare da shi. Ta sake gwadawa, ta kuma sakewa, amsa ɗaya. Daɗi ya kama ta, irin daɗin da ke zuwa da hawaye, don yanzu likita zai san abin da yake yaƙi da shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Wannan sinadarin ba ya cikin fenti. Na kashe ƙwari ne, ta san shi ciki da waje, kuma irinsa ne ke shigewa cikin roba ya zauna shekaru yana tsattsafowa. Ta ce a ranta ko waye ya yi wannan sakacin, sai ta ga bayansa a kotu.

Ta tarar da Yaya a barandar asibiti, zaune a kan benci, ya zuba tagumi. Takardar gwajin ta fara miƙa wa likita. Ya karanta, sannan ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma da a bara aka kawo masa wannan sunan, da maganar ta bambanta. Auta ta fito, ta nufi wurin Yaya.

"Yaya, ba ni takardar lambobin. Ina ka ɗebo ta bakwai?"

Ya zaro takardar daga aljihu, ya duba, ya ninke ta.

"Bari dai Mama ta samu sauƙi tukuna."

"Don Allah kada ka rufa wa kowa asiri. Wanda ya yi wannan, kisa ya yi, ko ya sani ko bai sani ba."

Yaya ya kalli ƙofar ɗakin da mahaifiyarsu ke kwance, ya rage murya.

"Shuɗiyar jarkar ɗakinta ce, wadda kika kawo mata daga wurin aikinki na farko. Shekara shida tana cewa ruwan na da ɗan ɗaci, amma ta hana mu gaya miki. Ta ce ke kika wanke ta da hannunki, kuma ke ce kika yi karatun."