Kifin da Ya Saba da Kwalba

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka sako Baba daga tsare. Ya dawo gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, ya tarar cuta ta kashe kifayen da yake kiwo a akwatin gilashi. Saura ja guda ɗaya, wanda Inna ta tsame ta saka a kwalbar zuma, ya yi watanni a ciki.

Wata la'asar Baba ya fito da akwatin tsakar gida. Ya dirje shi da gishiri, ya hana ni kawo sabulu, ya tafasa tsakuwoyin da ke cikin akwatin har ƙarnin ya fita. Ya cika shi da ruwan randa, ya juye kifin.

Kifin ya riƙa kewaya wuri ɗaya, daidai faɗin kwalbar.

Na ce, "Baba, ga fili, me ya hana shi yawo?"

Ya ce, "Ƙyale shi, Uwata. Bai san an buɗe mashi ba."

Sai ya miƙe yana zirga-zirga a tsakar gidan nan mai faɗi. Taku huɗu ya juyo, taku huɗu ya juyo. Ina ƙirgawa, ina jiran na biyar. Har yau in na tuna, jiran nake.