Takalman Baba a Gindin Lilo

Ranar da Baba ya kai mu Zariya mu ga ganuwar da kakanninmu suka baro kafin su zo Suleja, mun tsaya a wani wurin wasan yara a Kaduna a hanyar dawowa. Akwai wani lilo kamar ƙatuwar taya, mai kai mutum sama ya sauko da shi. Ni na nace sai mun hau.

Baba manomi ne, bai taɓa shiga irin wurin ba. Da ya ga dandamalin a share tas, sai ya tuɓe takalmansa na zuwa Juma'a ya jera su, kamar zai shiga wurin surukinsa.

Mai kula da lilon ya yi dariya. "Baba, ba masallaci ba ne fa."

"Na sani, ɗana. Amma ai wani ne ya share."

Muna ɗagawa sai na fara kukan a sauke ni, ga yayyena a ƙasa suna jiran abin tsokana. Baba ya dafa kafaɗata.

"Auta, tsare mini takalman nan da idonka. In aka ɗauke su, da me zan koma gida Maje?"

Na kafa musu ido. Su ƙanƙance kamar ƙwayar gyaɗa biyu, su sake girma, har lilon ya tsaya ban ƙara kuka ba.

Ranar da na fara zuwa ajin karatun manya, da furfurata, gabana yana faɗuwa, a bakin ƙofa na tuɓe takalmana. Na zauna inda zan riƙa hango su.