Cajar da Dorel Ya Yanke

"Ɓarawo! Ƙaton banza mai wasan yara!"

Da wannan ihun na faɗa tsakar gidan Dorel maƙwabcinmu, daidai lokacin da ake tasowa daga coci. Ga baƙar cajar kwamfuta a kan tebur, ya yanke bakinta ya jona da akwatin da yake cajin batirin ɗan jirginsa mai kyamara. Tawa kuwa tun jiya ta ɓace, kwamfutar ta mutu, alhali da ita nake ganin 'yata Viorica da ke aiki a Italiya.

"Inna Lenuța, ta tsohuwar kwamfutata ce fa."

"Ƙarya kake! Yau sai ofishin 'yan sanda."

Na fizge ta, mutane suka cika bakin shinge. Mijina Toader ya kamo hannuna yana cewa mu tafi gida, na ture shi.

Dorel ya ce, "Ai saboda ku nake cajin. Baba Toader ne ya roƙe ni in nemo akuyarku da ta gudu."

Ya sa batirin haka nan, jirgin ya tashi. Kowa ya leƙa wayar Dorel, inda hoton kyamarar ke fitowa. Ga akuyata can bayan tudu tana cin ganyen wani, baƙar igiya ɗaure a wuyanta, tana jan cajata cikin taɓo.

Toader ya sosa ƙeya. "Igiyarta ce ta tsinke, wannan kuma na ga tana da ƙwari."

Dorel ya miƙo hannu. "Inna, in kin gama da tawa, batirin bai cika ba."